Inji Na Juyawa, Mota Ta Ƙi Tashi: Matakan Gano Larurar Tsohuwar Pijo 504 a Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wata larura da masu tsofaffin motoci suka saba da ita, wato a murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa, amma mota ta ƙi tashi. An ɗauki Pijo 504 mai amfani da fetur a matsayin misali, aka kuma dubi yanayin iyakar Jibiya, inda ƙura da zafi da man bumburutu suke da hannu a yawancin irin wannan matsala. An jera matakan bincike daga mai sauƙi zuwa mai wuya, tare da dalilin kowane mataki. A ƙarshe an waiwayi kalmomin da kanikawan ɓangarorin iyakar biyu suke amfani da su.

1.0 Gabatarwa

Ƙin tashin mota ba cuta ɗaya ba ce, alama ce da cututtuka da dama suke tarayya a kanta. Wannan ne ya sa sau da yawa mai mota yakan sayi filogi sabo, ya sauya kwayil, ya sa a wanke kafireto, kuɗi su ƙare, mota kuwa tana nan inda take. Abin da ya faru shi ne an yi lalube cikin duhu, an nemi magani kafin a san cuta.

Ga direban da ke ɗaukar fasinja ko kaya tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi, lamarin ya wuce asarar kuɗi. Ƙaramar hukumar Jibiya, wadda ta yi iyaka da Jihar Zamfara, tana cikin yankunan da suka sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Motar da ta mutu a gefen hanya da la'asar sakaliya tana jefa direba da fasinjojinsa cikin halin da kowane minti yake da daraja. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tsarin da direba ko ɗan koyo zai bi ya gano inda matsala take cikin ɗan lokaci, da kayan aikin da ba su fi ƙarfin aljihunsa ba.

2.0 Jibiya da Pijo 504

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, kimanin kilomita 45. Daga shingen iyaka na Magama hanya take wucewa ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Tsohuwar hanyar fatake ce, domin al'ummar da ke ɓangarorin biyu Katsinawa ne masu harshe ɗaya da dangantakar jini.

Ita kuwa Pijo 504, kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968. A 1975 masana'antar PAN ta fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuma ci gaba da fitar da 504 daga can har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai. Wannan ya sa kayan gyaranta suka wadata, kanikawa suka san ta ciki da bai. Injinta mai silinda huɗu ne. Kafireto ne yake haɗa mata mai da iska, distiribito mai kwantak ne yake raba mata wuta, babu kwamfutar da za a tambaya ta faɗi abin da ke damunta. Ido da kunne da hancin mai gyara su ne na'urar bincike.

Yanayin iyakar ma yana da nasa tasirin. A watan Agusta 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu 2022. An kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023, har zuwa watan Maris 2024. Haka nan a watan Nuwamba 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Waɗannan matakai sun haifar da abu biyu da suka shafi batunmu. Na farko, motoci da yawa sun daɗe a ajiye, ajiya kuwa tana busar da kafireto, ta sa kwantak ya yi tsatsa, batir ya sauka. Na biyu, direbobi sun ƙara dogara ga man jarka da na kwalba, wanda babu mai tabbacin tsabtarsa.

3.0 Bambance Larurar da Makamantanta

Kafin a buɗe bonet, wajibi ne a saurari abin da mota take yi idan an murɗa makulli, domin hali uku ne ake yawan gwamutsawa.

Hali na farko shi ne a ji shiru, ko a ji ƙara guda "ƙas" ba tare da inji ya motsa ba. Wannan matsalar batir ce, ko kan batir, ko kik. Hali na biyu shi ne inji ya juya da ƙyar, kamar mai ɗauke da kaya a hawa. Nan ma batir ake tuhuma. Hali na uku, wanda shi ne batun wannan maƙala, shi ne inji ya juya da ƙarfinsa kamar kullum, amma ya ƙi kamawa.

Akwai alaƙa tsakanin na biyu da na uku da ya kamata a lura da ita. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 idan yana hutawa. Lokacin da kik yake aiki yana jan wuta mai yawa, idan kuwa ƙarfin ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 9.6, abin da ya rage ba zai ishi kwayil ya ba da tartsatsi mai kyau ba. Shi ya sa ake ganin motar da ta ƙi tashi da makulli ta tashi nan take idan aka tura ta. Duk motar da ta yi haka ta riga ta faɗi cutarta da bakinta: a duba batir, da kawunansa, da wayar da ta haɗa inji da jikin mota.

4.0 Sharuɗɗan Tashin Inji

Injin fetur yana buƙatar abu huɗu kafin ya tashi. Yana buƙatar cakuɗen mai da iska daidai gwargwado, wanda a ma'auni ya kama kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi, ko da yake inji mai sanyi yana son mai fiye da haka. Yana buƙatar matsi, wato fistan ya danne cakuɗen nan a cikin silinda ba tare da ya zurare ba. Yana buƙatar tartsatsi mai ƙarfi a bakin filogi. Sannan yana buƙatar tartsatsin ya zo a kan lokacinsa, gab da fistan ya kai ƙololuwa.

Idan waɗannan huɗu suka cika, babu makawa inji ya tashi. Idan ya ƙi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace. Aikin mai bincike ke nan ya gano wanne ne, ya fara da wanda ya fi saurin lalacewa kuma ya fi arhar gwadawa.

5.0 Matakan Bincike

5.1 Tambaya

Bakanike mai basira yakan fara da tambaya kafin ya ɗauki sifana. Yaushe motar ta tashi na ƙarshe? A ina aka sha mai? Tana cikin tafiya ta mutu, ko kwana ta yi ta ƙi tashi? An taɓa wani abu a injin jiya ko shekaranjiya?

Amsoshin suna rage aiki. Motar da ta mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli, galibi wuta ce ta yanke. Wadda ta yi ta shaƙewa tana fizga kafin ta mutu, mai ne ya gaza. Wadda ta ƙi tashi bayan an gama shan man jarka, man ake fara tuhuma. Wadda kuwa ta ƙi tashi bayan an yi mata gyara, a koma inda hannu ya taɓa.

Lokacin shekara ma shaida ne. Da damina, laima takan shiga murfin distiribito ta karkatar da wuta. Da hunturu, ƙura takan toshe matatar iska da ƙananan ƙofofin kafireto. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki, fetur yakan tafasa a cikin bututu ko a kafireto bayan an tsaya, kamar a layin bincike na Magama, sai mota ta ƙi tashi har sai ta huce.

5.2 Wuta

Ana fara gwaji da wuta saboda ba ya ɗaukar lokaci. A sa giya a furi, a ja birkin hannu. A cire babbar wayar da ta fito daga kwayil ta shiga tsakiyar murfin distiribito, a riƙe ta da busasshen tsumma ko filaya mai roba, a kusantar da bakinta ga ƙarfen inji da tazarar kimanin milimita 6, nesa da kafireto. Wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara yana nuna kwayil da kwantak suna aiki. Ja mai rauni, ko rashinsa baki ɗaya, yana nuna matsala tana bayansa.

Idan akwai tartsatsi a wannan waya, a mayar da ita, a gwada wayar filogi ɗaya. In babu a nan, matsalar tana tsakani, wato a murfin distiribito ko a rota. A buɗe murfin a duba tsagewa, da laima, da ɗan gawayin da ke tsakiyarsa. A tabbata rota yana juyawa idan inji yana juyawa.

Idan kuwa babu tartsatsi tun daga kwayil, ƙwan fitila na bolt 12 mai waya biyu ya isa ya raba gardama. A kunna makulli, a taɓa ƙwan a ƙafar kwayil da wuta take shigowa. In bai kama ba, wutar ba ta iso ba, sai a bi waya zuwa makulli. In ya kama, a mayar da shi ɗaya ƙafar da ta tafi distiribito, a juya inji. Ƙwan da ke kamawa yana mutuwa a jere yana nuna kwantak yana buɗewa yana rufewa yadda ya dace, don haka kwayil ko kwandansa ake zargi. Wanda ya kama ya tsaya a kunne yana nuna kwantak ba ya rufewa, ko bakinsa ya yi datti, ko wayarsa ta tsinke. Wanda ya ƙi kamawa sam yana nuna kwantak ba ya buɗewa, ko wuta tana zurarewa zuwa jikin inji, ko wayar cikin kwayil ta yanke.

Kwantak shi ne ya fi yawan jawo wannan larura a tsofaffin motoci. Dugadugansa suna cinyewa a hankali har tazarar bakinsa ta rufe. A Pijo 504 tazarar da ake so ita ce milimita 0.40 lokacin da ya buɗe iyakar buɗewarsa. Bakin da ya ƙone ana iya goge shi da samfefa mai laushi, a share da tsabtataccen ƙyalle. Idan yana yawan ƙonewa, kwandansa ne ya gaji.

5.3 Mai

Idan wuta ta tabbata, sai a koma ga mai. Kada a amince da allurar da ke nuna yawan mai a tsohuwar mota, a tabbatar da ido ko da kara. Daga nan a cire murfin matatar iska, a leƙa maƙogwaron kafireto ba tare da an murɗa makulli ba, a ja totur da hannu sau biyu. Ganin ɗan siririn fetur yana tsartuwa yana nuna akwai mai a kafireto.

In babu, a cire bututun da ke shiga kafireto, a sa bakinsa a cikin kwalba mai haske, a cire wayar da ke kai wa kwayil wuta don gudun gobara, sannan a juya inji na ɗan lokaci. Famfon mai lafiyayye yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In bai zo ba, a duba matatar mai, da bututun da ya tsage yana shan iska, da famfon kansa. Famfon 504 inji ne yake motsa shi, kuma a cikinsa akwai wata fatar roba da take yagewa idan ta tsufa. Idan ta yage, fetur yana iya gangarawa cikin baƙin mai, shi ya sa yake da kyau a zaro sandar awon baƙin mai a shinshina. Haka kuma a buɗe murfin tanki. Jin iska ta shiga da ƙara yana nuna ƙofar numfashin tankin ta toshe, famfo kuma ba zai iya jan mai daga tankin da ba ya shaƙar iska ba.

Man da aka tara a kwalbar nan shi ma abin dubawa ne. A ajiye shi minti kaɗan. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa, a gan shi a fili. Da yake bututun tanki daga ƙasa yake ja, ruwa kaɗan ya isa ya hana mota tashi. Man da aka gauraya da kananzir ko gas kuwa ba ya saurin bin iska: a ɗiga shi a farar takarda, fetur tsantsa zai bushe nan da nan, gaurayayye zai bar tabon maiƙo. Gurɓataccen mai bai tsaya ga 'yan bumburutu kaɗai ba, domin a watan Fabrairu 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, wanda aka sayar a gidajen mai.

Akwai kuma kishiyar rashin mai, wato yawansa. Idan aka yi ta taka totur, ko aka bar cok a jawo alhali inji yana da zafi, ko allurar da ke tsayar da mai a kafireto ta maƙale, fetur yakan jiƙa filogi ya kashe tartsatsi. Alamarsa ita ce warin fetur mai ƙarfi da filogi jiƙaƙƙe. Maganinsa a mayar da cok, a take totur har ƙasa a riƙe ba tare da bugawa ba, sannan a murɗa makulli. In ya ƙi, a kwance filogin a shanya su.

Filogi dai madubin silinda ne. Busasshe bayan an daɗe ana juya inji yana nuna mai ba ya isowa. Jiƙaƙƙe da fetur yana nuna mai yana zuwa amma ba ya ƙonewa. Mai ɗigon ruwa yana nuna ko man ya gurɓata, ko gaskit ya ƙone.

5.4 Lokacin Wuta

Idan ga mai ga wuta, amma inji yana tari ta kafireto ko yana harbi ta salansa, lokaci ne ya kauce. Mafi yawan dalilinsa shi ne sauya wayoyin filogi bayan wanki ko gyara. Jerin wutar wannan inji shi ne 1, 3, 4, 2, bisa yadda rota yake juyawa. Dalili na biyu shi ne kwancewar ƙusar da ke riƙe distiribito, har ya juya daga mazauninsa. A kama shi da hannu a gwada, in ya motsa an sami mai laifi. Domin mayar da shi, a kawo fistan na ɗaya ƙololuwa a bugun matsi, a tabbata rota yana kallon wayar silinda ta ɗaya, sannan a juya distiribito har kwantak ya fara buɗewa.

5.5 Matsi

An bar matsi a ƙarshe saboda ba kasafai yake ɓacewa dare ɗaya ba, kuma gyaransa ya fi tsada. Kunne yana iya gane shi, domin injin da ya rasa matsi yana juyawa da sauri fiye da kima, babu nauyin nan da ake ji a kowane bugu. Gwajin gaggawa shi ne a cire filogi, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji bayan an cire wutar kwayil. Silinda mai lafiya za ta ture yatsan da ƙarfi. A gareji ana amfani da ma'aunin matsi, kuma abin lura shi ne kada silinda ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta. Idan aka zuba ɗan baƙin mai a silinda mai rauni matsinta ya ƙaru, ringi ne ya cinye. In bai ƙaru ba, bawul ne ko gaskit. Motar da ta tafasa kafin ta mutu, baƙin manta ya koma kamar kunu, gaskit ɗinta ya tafi, kuma ci gaba da murɗa makulli ba zai ƙara komai ba sai ɓarna.

6.0 Abubuwan Kiyayewa

Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda, a bar shi ya huta tsakanin gwaji da gwaji. Wanda ya ƙarar da batir a kan motar da kwantak ɗinta ya rufe ya mayar da matsala ɗaya ta zama biyu.

Akwai dabarar zuba fetur a maƙogwaron kafireto don a ga ko inji zai kama. Gwaji ne mai amfani, domin in ya kama na ɗan lokaci ya mutu an tabbatar wuta lafiya, mai ne ba ya zuwa. Sai dai kada ya wuce cokali ɗaya, a kuma janye kwalba da fuska kafin a murɗa makulli, saboda wuta tana iya dawowa ta kafireto. Haka nan ɗora galan a saman mota a jawo tiyo zuwa kafireto, da zuƙo fetur da baki, dabaru ne da suke jawo gobara da ciwon huhu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Direban wannan hanya ya kamata ya riƙe kwantak da kwandansa da rota na ajiya, da filogi, da matatar mai, da ƙwan gwaji. Duk man jarka kuma a tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a bar na ƙasan jarkar. Motar da ta fara wuyar tashi da safe a tashar Jibiya gargaɗi take yi, gara a duba ta a nan da a dube ta a daji.

7.0 Kalmomin Sana'ar a Ɓangarorin Iyaka

Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne yadda kayan inji ɗaya suke da suna biyu a tazarar da ba ta wuce tafiyar sa'a guda ba. Bakaniken Katsina ya aro nasa daga Ingilishi, na Maraɗi ya aro daga Faransanci. Abin da na farko yake kira filogi, na biyu buji yake ce masa. Kwayil a can bobin ne, distiribito kuma delko. Amma kalmomin da ke bayyana halin mota na Hausa ne tsantsa a duka ɓangarorin: mota takan tashi, ta mutu, ta shaƙe, ta yi tari, ta sha mai. Wato sunayen ƙarafa aka aro, fahimtar aikinsu kuwa an gina ta a kan siffanta inji da mai rai. Wannan fage ne da ya cancanci a tattara kalmominsa, musamman ganin motocin zamani masu kwamfuta suna maye gurbin masu kafireto, kalmomin kuma suna tafiya tare da tsofaffin kanikawa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa injin da ke juyawa ya ƙi tashi ya rasa ɗaya daga cikin abu huɗu: mai da iska, tartsatsi, lokaci, ko matsi. An bayyana cewa bincike yana farawa da sauraro da tambaya, ya bi ta wuta, ya zo ga mai, sannan lokaci, ya ƙare a matsi, kuma ba a sayen kaya sai gwaji ya nuna shi ne ya lalace. An kuma nuna yadda ajiyar motoci lokacin rufe iyaka, da man jarka, da sauyin yanayi suke ƙara yawan larurar a yankin Jibiya. Ana ba ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa shawarar su riƙa koya wa 'yan koyo wannan jeri tun da wuri, su kuma masana Hausa su rubuta ilimin gareji da harshen da masu shi suke magana da shi.